Inda Hannu Ya Canja

A Burnley, layin da ke bayan tsohuwar masaƙa,
gida na sha bakwai, mai koriyar ƙofa,
Enid ta sa na jawo akwati daga ƙarƙashin gado.
Warin kafur ya riga murfin tashi.

Mayafin tebur ne, fari a da,
yanzu launin madarar da ta kwana.
Duk inda aka ninke ya ja layin rawaya.
Gefe uku an kewaye da saƙar kwarashi,
na huɗu tsirara, zare ya tsaya a tsakiyar fure
kamar mai magana da aka kira daga waje.

"Yayata ce, Maud," in ji ta.
"Ta ce gobe za ta ƙarasa."
Ban tambayi goben ba.
Yatsun Enid sun karkace kamar citta,
ko maɓallin rigarta ni ke saka mata.

Ban ba injin wanki shi ba,
inji bai san girman tsufa ba.
A baho na jiƙa shi, ruwa mai ɗumin jiki,
sabulu ɗan kaɗan, ba cuɗa, ba murɗa.
Tabon tsatsa biyu na kusurwa
na ba su lemun tsami da gishiri,
saura rana.
Rana kuwa a garin nan baƙuwa ce,
kwana tara na yi ina leƙen taga.
Na naɗe shi a tawul kamar jinjiri,
na goge shi ta baibai da sauran danshi.
Goggo Tabawa ce ta faɗa mini a Funtuwa,
tana cizon zare da haƙorinta na gefe:
tsohon yadi ba a yi masa gardama,
lallaɓa shi ake har ya yarda.

Zaren da na sayo a kasuwa ya cika fari,
kusa da na Maud sai ka ce ihu yake.
Na tsoma shi a baƙin shayi dare guda,
ya fito da ladabi.

Ba takarda, ba zane.
Fure ɗaya na warware don in ji yadda ta yi:
sarƙa biyar, tsallake biyu, koma cikin rami.
Sai na ga saƙar tana tafiya ta inda ban saba ba,
kowane madauki ya jingina baya.
Washegari na ce, "Bahaguwa ce Maud?"
Enid ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
Ta ce tun da aka rufe masaƙa
ba wanda ya tuna wannan.

Mako shida, a bas, a lokacin hutun aiki,
da dare bayan lisha.
Hannuna ya fi nata tsauri, na sani.
Na sassauta, na sassauta,
amma kowa da irin numfashinsa.

Ranar da na kawo, ba ta nemi tabarau ba.
Ta bi bakin da ɗan yatsa,
fure, fure, fure,
ta wuce kusurwa, ta tsaya cak.
"Nan kika shigo."
Na ce, "In warware?"
Ta riƙe wurin kamar mai riƙe hannun yaro a titi.
"Kul."

Na fara karanta mata dokoki:
a naɗe shi, kada a ninke,
a sa shi cikin zanin auduga, ban da leda,
nesa da danshin bango...
Ta ce, "Ya kwanta ya isa. Shimfiɗa."

Muka sha shayi a kansa.
Hannunta ya yi rawa, kofi ya karkata,
ɗigo uku suka sauka daf da furen Maud.
Ta dube su, ta dube ni.
Na ce akwai sauran rabin lemun tsami a firij.
Ta ce a bari sai gobe.